Babi na Bakwai: Hira, Ziyara da Yawon Shaƙatawa a Rayuwar Hausawa

7.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ke aiki tana hutawa, kuma yadda take hutawa wani ɓangare ne na al'adarta, kamar dai sana'o'inta da tufafinta da abincinta. A wannan babi za a duba hanyoyin da Hausawa ke bi su sarara, wato hirar dare da ziyarar dangi da fita yawon kallo ko shan iska. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa abubuwa uku ne ke tsara wannan ɓangare na rayuwar Bahaushe: lokacin shekara, da jinsi da tsara, da kuma dalilin fitar. Ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa yana buƙatar sanin wannan, domin zai koyar da shi a darasin al'ada da na insha'i, kuma wata rana nauyin fita da yaran mutane zuwa wani wurin tarihi zai hau kansa.

7.1 Lokutan Shekara da Lokacin Sararawa

Hausawa sun kasa shekara gida biyu manya, damina da rani. A cikinsu kuma akwai ƙananan rabe-rabe. Damina takan fara ne daga wajen watan Mayu ko Yuni ta kai ƙarshen Satumba, kuma a tsakiyarta, musamman cikin Agusta, ake samun marka, lokacin da ruwa kan wuni yana zuba. Idan damina ta zo ƙarewa sai a shiga agazari, wato ɗan zafin nan da ke nuna amfanin gona. Daga nan sai kaka, lokacin girbi, a watannin Oktoba da Nuwamba. Hunturu ko ɗari kan biyo baya daga Disamba zuwa Fabrairu, da iska mai sanyi da hazo. Bazara ita ce ta ƙarshe, daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, kuma ita ce mafi tsananin zafi, domin a watan Afrilu zafin rana a garuruwa irin su Sakkwato da Damagaram yakan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos.

Abin lura a nan shi ne, masu fassara a gidajen rediyo da jaridu sun saba amfani da kalmar bazara idan suna nufin lokacin ɗumi na ƙasashen Turai da Amurka, wato watannin Yuni da Yuli da Agusta. Fassarar ta karɓu, amma tana iya ruɗa yaro. A Ingila ko Faransa wannan lokaci shi ne na walwala. Sanyi ya wuce, yini ya yi tsawo har a Landan rana ba ta faɗuwa a watan Yuni sai bayan ƙarfe tara na dare, makarantu suna hutu, iyalai na fita bakin teku da lambuna. Waɗannan watanni kuwa a ƙasar Hausa su ne tsakiyar damina, lokacin da manomi ke tsakanin noman farko da maimai, rumbu ya yi ƙasa, ga sauro, ga taɓo a hanya. Bazarar Bahaushe kuma, ta Maris da Afrilu, lokaci ne da mai hankali ke neman inuwa tun hantsi, ana sharar gona ana jiran ruwa. Ke nan kalma ɗaya ce ke ɗauke da yanayi biyu da suka yi hannun riga. Malamin da ya ba yaran ƙauye jigon insha'i a kan yadda suka ji daɗin hutun bazara, alhali dogon hutun makaranta na ƙarshen Yuli zuwa Satumba yake nufi, ya tambaye su abin da bai faru ba. Mafi yawansu a gona suka yi hutun.

Lokacin da ya dace da wancan na Turawa ta fuskar walwala shi ne kaka da farkon rani. An yi girbi, abinci ya wadata, an sayar da gyaɗa ko auduga ko wake an sami kuɗi, hanyoyi sun bushe. A wannan lokaci ne ake yawan ɗaura aure a karkara, ake kalankuwa, mahauta su fita dambe gari gari, manoma su yi kokawa, mafarauta su shiga daji, masunta su yi su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa a siffarsa ta yanzu daga 1934, yakan faɗo ne a Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwan kogi ya ja. A Jamhuriyar Nijar ma gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, cikin rani ake yin ta.

7.2 Kalmomin Fita

Hanya mafi sauƙi ta gane yadda al'umma ke kallon wani abu ita ce a duba kalmomin da ta tanadar masa. Hausa tana da kalmomi da yawa na barin gida ba don sana'a ba, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Kalmar yawo ita ce mafi faɗi, kuma ita ce mafi rauni wajen mutunci. Idan aka ce wane ya cika yawo, ko ƙafarsa ba ta zama, suka ce. Haka nan yawancin harɗaɗɗun kalmomin da aka gina da ita ba na yabo ba ne: yawon banza, yawon dandi, yawon duniya, yawon ta-zubar. Kafin yawo ya zama abin karɓa sai an jingina shi da wani dalili, kamar yawon sallah, ko yawon shan iska, ko yawon buɗe ido. Wannan na ƙarshe sabon ginin kalma ne da ya bazu ta kafofin watsa labarai da ofisoshin gwamnati.

Ziyara kuwa, wadda aka aro daga Larabci, kalma ce mai daraja, domin tana da wanda aka nufa, ko dangi, ko malami, ko marar lafiya, ko hubbaren wani bawan Allah kamar na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Da ita ake sada zumunci, kuma karin maganar nan da ke cewa zumunta a ƙafa take ita take nufi. Mai ziyara yana cikin aikin lada, ko da kuwa rabin abin da ya kai shi hira ce da cin abinci.

Akwai kuma kalmomin da suka fi yawa a bakin mata. Idan aka yi sallama a gida aka ce matar gidan ta tafi unguwa, ana nufin ta fita barka, ko gaisuwar mutuwa, ko dubiya, ko biki, ko da kuwa wurin da ta tafi wani gari ne. A gidajen da ake kulle, bayan magariba ake irin wannan fita, da rakiyar yaro ko tsohuwa. Wuni shi ne mace ta kwashi 'ya'yanta tun da hantsi ta tafi gidan iyayenta ko na 'yar'uwa ko ƙawa, ta yini can, ta dawo da dare. Ganin gida kuma shi ne ta tafi garinsu ta kwana biyu, sau da yawa bayan an gama aikin kaka. Idan ana neman abin da ya fi kusa da fitar yini guda ta iyali a al'adar gargajiya, to wuni ne, sai dai babu maigida a ciki. Kilisa kuwa ta masu doki ce, wato a hau da yamma a zaga bayan gari don doki ya motsa jini, mahayi kuma ya sha iska.

Kalmomin da ke bayyana jin daɗin kansa su ma abin nazari ne. Nishaɗi da annashuwa daga Larabci suka shigo, hutu da sararawa da shaƙatawa kuwa na gida ne. Ta fuskar nahawu, ɗalibi zai lura da yawan aikin da aikatau sha ke yi a wannan fage: a sha iska, a sha hira, a sha kallo, a sha yawo, a sha biki. A nan sha ba ta da alaƙa da ruwa, tana nuna yin abu ne da yawa har a gamsu. Haka kuma ido yana da nasa rabon: buɗe ido, ba ido abinci, kashe kwarkwatar ido. Irin waɗannan misalai sun fi jimlolin da ake ƙirƙira a kan allo amfani wajen koyar da adon magana, domin yara sun riga sun san su daga gida.

Kowace fita tana da ladubbanta na magana da na kyauta. Mai zuwa yakan riƙo tsaraba, mai masauki ya tarbe shi da ruwa kafin gaisuwa ta yi nisa, yaron da aka aiko da abinci a ba shi tukuici. Idan baƙo ya tashi sai a taka masa, wato a yi masa rakiya, kuma nisan rakiyar yana nuna girmansa. A rabu da a gai da gida, da Allah ya bar zumunci. Washegari kuma a aika ko a je ban-gajiya. Wanda ya halarci bikin mutum bai sami ban-gajiya ba yana da hujjar yin ƙorafi.

7.3 Hirar Dare

Hira, wadda wasu ke furtawa fira, ita ce babbar hanyar shaƙatawar Bahaushe, kuma ba ta cin ko kwabo. Lokacinta shi ne bayan sallar lisha da cin tuwon dare. Yanayi ne ke zaɓar mata wuri. Da hunturu takan koma cikin ɗaki ko zaure a gefen wuta, ta kuma watse da wuri. Da damina gajiyar noma da hadari kan taƙaita ta. Da bazara ne hira ke kai matuƙa, saboda ɗaki ba ya shiguwa don zafi. Sai a yayyafa ruwa a tsakar gida a baza tabarmi, maza su fita ƙofar gida, a raba dare ana jiran iska ta sauko, wasu ma a nan za su kwana. Abu na biyu da ke tsara ta kafin zuwan lantarki shi ne wata. Daga wajen bakwai ga wata zuwa 'yan kwanaki bayan tsakiyarsa gari yakan yi haske, yara su cika waje. Idan duhu ya dawo sai a koma gindin tsofaffi.

A gida ɗaya, a dare ɗaya, ana iya samun zaman hira uku ko huɗu, kowanne da mutanensa.

Na farko shi ne na tsakar gida, inda mata da ƙananan yara suke. Nan ne fagen tatsuniya da kacici-kacici. Kaka ko gwaggo ko wata yaya ita ke bayarwa, sau da yawa hannunta na kan wani aiki, ko kaɗi ko ɓarar gyaɗa ko saƙar faifai. An hana yin tatsuniya da rana, har ana tsorata yara da cewa mai yin haka zai ɓata. Hikimar hanin a fili take, rana ta aiki ce. Marubuta sun fahimci ƙarfin wannan zama. Abubakar Imam ya gina littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, a kan hirar dare, inda aku ke riƙe ɗan sarki da labarai har gari ya waye don kada ya fita. Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara irin abin da ake yi a wannan fage a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970.

Na biyu shi ne dandali, filin da ke tsakiyar gari ko unguwa, sau da yawa kusa da ƙofar fadar mai gari. 'Yan mata suna gaɗa a gefe guda, yara maza suna langa ko ɓuya ko kokawa a wani gefen, masu talla sun jera fitilu, wani lokaci da makaɗin kalangu. Samari da 'yan mata suna da shugabanninsu, wato sarkin samari da takwararsa ta 'yan mata, waɗanda ke tsawatarwa da raba faɗa. Dandali makaranta ce ta harshe. A nan yaro ke koyon waƙa da kirari da habaici da ba'a, ya kuma koyi jure ba'ar da aka yi masa. A nan kuma saurayi ke fara ganin yarinyar da zai je zance gidansu daga baya.

Na uku shi ne zaman magidanta, a zaure ko a kan dakali ko gindin wata bishiya, wanda a birane aka fi sani da majalisa. Kowace majalisa da 'yan zamanta, kusan kowa da inda yake zama. A da, maƙwabta kan fito da tuwonsu a haɗa a ci tare, abin da ake kira ciyayya, kuma ta wannan hanya ake gane gidan da ba a ɗora tukunya ba a taimaka ba tare da an tona asiri ba. Majalisa ce ke raka mutum neman aure, ta tsaya masa ranar suna, ta ɗauki gawarsa. Tana da nata aibin, domin gulma da yanke wa mutane hukunci a bayan idonsu a nan suke tsiro, kuma malamai sun daɗe suna wa'azi a kan haƙƙin hanya da zaman kashe wando. Teburin mai shayi da tukubar mai tsire rassa ne na majalisa da suka zo da zaman birni. A Nijar kuwa, tun daga shekarun 1990, samari suka ƙirƙiro zaman da suke kira fada, inda ake dafa shayi a ƙaramar buta a kan gawayi a sha zagaye uku, kowace fada da sunanta a rubuce a jikin bango. Zaɓen kalmar fada, wadda asalinta zaman sarki ne da fadawansa, abin sha'awa ne ga mai nazarin ma'ana, musamman da yake da yawa daga masu zaman ba su da aikin yi.

Abin da ya raba waɗannan zama shi ne kunya da girmamawa. Ɗa ba ya zama majalisar ubansa, idan ya zo wucewa sai ya cire takalmi ya durƙusa ya gaisar ya wuce. Suruki ba ya hira da surukinsa. Uwa tana kawaici ga ɗanta na fari. Miji da mata ba sa jerawa a hanya, idan tafiya ta haɗa su yana gaba tana baya da tazara. Raha tana da nata hanyoyin da al'ada ta buɗe: tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, tsakanin mace da ƙanen mijinta, da tsakanin garuruwa ko ƙabilu masu wasa da juna, kamar Katsinawa da Gobirawa da Nufawa, ko Fulani da Barebari. Saboda haka Bahaushe yana shaƙatawa ne da tsaransa da jinsinsa. Wanda bai fahimci wannan ba zai ɗauka gidan Bahaushe babu walwala, alhali walwalar an rarraba ta ne.

7.4 Yawon Sallah

Bukukuwan sallah su ne lokacin da gari duka ke fita. Da yake ana bin watan Musulunci ne, wanda shekararsa ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, sallah takan zagaya lokutan shekara duka a cikin kimanin shekara 33. Alal misali, ƙaramar sallah ta faɗo a farkon Nuwamba a 2005, cikin kaka. A 2013 ta zo a Agusta, tsakiyar marka. A 2024 kuma ta zo a Afrilu, cikin zafin bazara. Armashin sallar kaka a karkara ya fi na sallar damina nesa ba kusa ba, saboda dalilin da aka riga aka ambata.

Yara su ne masu yawon sallah na haƙiƙa. Sukan yi ado su fita rukuni rukuni, su bi gidajen dangi suna gaisuwa ana ba su goron sallah, su ƙare a wurin kallon hawa. A Kano, bayan hawan idi akwai Hawan Daushe da Hawan Nasarawa da Hawan Ɗorayi ko na Fanisau, kuma mutanen ƙauyuka kan shigo birni musamman don kallo. Hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2024. Akwai kuma Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ranar da jama'a ke hawa Dutsen Dala, da Sallar Gani a masarautu irin su Daura da Gumel.

7.5 Sauye-sauyen Zamani

Fitar da miji da mata da 'ya'yansu za su yi tare, su nufi wani wuri don shaƙatawa kawai, baƙuwar al'ada ce. Abubuwan da suka kawo ta su ne aikin albashi mai ranakun hutu, da mota, da zaman gidan haya ko rukunin gidajen ma'aikata inda babu dangi kusa, da kuma wuraren da gwamnati ta gina. A Jihar Kano, zamanin Gwamna Audu Bako, 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga da wurin shaƙatawa na tafkin Bagauda da gidan namun daji da ke kan titin da har yau ake kira da sunan gidan zu. Gandun dajin Yankari a Jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ya shahara da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki. Sannu a hankali gidan zu ya shiga cikin jerin wuraren yawon sallah, wato sabon wuri ya sami gurbi a tsohuwar al'ada. Daga baya aka sami wuraren wasan yara masu lilo da manyan kantuna da gidajen cin abinci. Sababbin kalmomi suka biyo, irin su fati da dina da fikinik, waɗanda suka fi yawa a bakin matasan birni da shagalin biki. Har yanzu dattawa da yawa na yi wa magidancin da ke yawan fita da iyalinsa wani irin kallo, yayin da matasan ma'aurata ke ganin hakan kyautatawa ce. Malami zai tarar da 'ya'yan ɓangarorin biyu a aji ɗaya, kuma bai kamata ya mai da ɗaya abin dariyar ɗaya ba.

Hirar dare ita ma ta sauya. Silima ta shigo Kano tun shekarun 1930, rediyo ya shiga zaure, talabijin ya shiga falo. Daga 1990, shekarar da aka yi fim ɗin Turmin Danya, finafinan Hausa na bidiyo suka karɓe gurbin tatsuniya a tsakar gida. Gidajen kallon ƙwallo suka janye samari, makarantun Islamiyya na dare suka janye 'yan mata daga dandali, wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001 ta zo ta ƙarasa sauran. Yanzu ana iya ganin mutum biyar a majalisa ɗaya kowa na hira da wani a WhatsApp. Abin lura shi ne harshe bai yar da tsofaffin kalmomin ba, ya ba su sabon aiki ne, shi ya sa ake cewa dandalin sada zumunta da zauren tattaunawa a intanet. Sai dai abin da ya fi komai kashe hirar dare a wasu yankuna shi ne rashin tsaro. A ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta daga shekarun 2010 sun sa mutane shiga gida tun magariba, wasu garuruwan ma sun watse. Yaron da ya tashi a irin wannan hali bai taɓa ganin dandali ba, a littafi kawai zai ji shi.

7.6 Malami da Fita da Ɗalibai

Gani ya kori ji. Darasin tarihin Bayajida ya fi zama a bakin rijiyar Kusugu a Daura, na gine-ginen gargajiya a Gidan Makama ko gindin hasumiyar Gobarau, na sana'ar rini a karofin Ƙofar Mata. Amma ba dole sai an yi nisa ba. Maƙerar gari da kasuwar mako da fadar dagaci da tsohuwar ganuwa duk wuraren darasi ne, kuma ba sa buƙatar mota.

Duk abin da aka faɗa a sassan baya yana da amfani a nan. Ta fuskar lokaci, Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa. Damina tana da haɗarin cikar rafi da lalacewar hanya, bazara kuma tana galabaitar da yara. Idan dole ne a fita cikin zafi, a tashi da sassafe, a dawo kafin azahar, a ɗauki ruwan sha fiye da yadda ake zaton za a buƙata. Ta fuskar dalili, kada malami ya aika wa iyaye cewa za a kai yara yawo, domin an ga nauyin da kalmar ke ɗauke da shi. Ya rubuta cewa ziyarar ƙaro ilimi ce zuwa wuri kaza, ya faɗi lokacin tashi da na dawowa da sunayen malaman da za su raka, ya kuma karɓi amincewar shugaban makaranta da ta kowane uba ko mariƙi a rubuce. Ta fuskar jinsi, idan akwai 'yan mata a tafiyar lallai a sami malama mace, in ba haka ba iyaye da yawa za su hana, kuma suna da gaskiya.

Malami ya riga yaran zuwa wurin ya gani da idonsa, ya gai da masu wurin, ya tambayi halin tsaron hanya daga hukuma da mutanen yankin. Ya ƙirga yara da suna lokacin shiga mota da lokacin fita da duk inda aka tsaya. Wurin da ke da ruwa, ko madatsa ko tafki ko kududdufi, shi ya fi kowane wuri haɗari, domin yaro ɗaya da ya zame daga idon malami na minti biyar ya isa ya mai da ranar ta baƙin ciki. Kada a ɗora yara a kwalekwale babu rigar ruwa, kada kuma a cika mota fiye da kujerunta don a rage kuɗi. Yaron da iyayensa ba su iya biyan kuɗin mota ba, a nemi hanyar ɗaukarsa cikin sirri.

Kafin a tashi, kowane yaro ya san abin da zai nemo. Wani rukuni ya rubuto sunayen kayan aiki, wani ya rubuto gaishe-gaishen da ya ji, wani ya tambayo tarihin wurin daga bakin mai kula da shi. Da an dawo, waɗannan su ne kayan darasin insha'i da na ƙamus na mako guda ko fiye. Ajin kuma ya rubuta wasiƙar godiya da ban-gajiya ga waɗanda suka karɓe shi.

Aikin Jinga

1. Ɗalibi ya sami dattijo ko dattijuwa da ta haura shekara 60 a garinsu, ya tambaye ta yadda ake hirar dare a ƙuruciyarta da hunturu da kuma da bazara, ya rubuta abin da ya ji da karin harshenta ba tare da ya daidaita shi ba.

2. A tattaro harɗaɗɗun kalmomi goma da aka gina da yawo ko sha waɗanda ba a ambata a wannan babi ba, a nuna na yabo da na suka.

3. A rubuta wasiƙa zuwa ga iyayen yaran aji biyar na firamare, ana neman izinin kai su wani wurin tarihi da bai wuce tafiyar awa ɗaya daga makarantar ba.